Masu Cewa Jos Tasu Ce, Su Fito Su Taka Ta da Ƙafa

Makon jiya aka aurar da 'yar ƙanwata a Unguwar Rogo, baƙi suka zo daga Kano da Zariya. Washegarin ɗaurin aure ana karyawa, wani dattijo cikin dangin ango ya dubi ɗan wana, saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, ya ce: "Yaro, kafin mu kama hanya ka raka mu mu ga masallacin Zariyan nan da aka gina muku."

Yaron ya yi dariya. "Baba, masallacin Zariya ai a Zariya yake. Ko wani na kan titin Zariya kake nufi?"

Dattijon ya ce a'a, shi da idonsa ya gan shi lokacin da aka turo shi kwas nan garin yana matashi, har da ganuwar Kano a gefensa. Yaron ya juyo gare ni: "Baffa, wai da gaske akwai?"

Akwai mana, a gidan tarihin Jos. Daga inda muke zaune zuwa wurin bai kai tafiyar awa ɗaya a ƙafa ba. Kuma yaron nan a Jos aka yanke masa cibiya, nan ya yi firamare da sakandare, nan yake jami'a. Na san shi sarai, yakan raba dare a Facebook yana fafatawa da samarin Berom da Afizere da Anaguta a kan wa ya kafa Jos, wa ya zo ya tarar. Su ma waɗanda yake fafatawar da su, na tabbata da yawansu ba su taɓa sa ƙafa a Gangare, tsohuwar unguwar Hausawa, ba.

Ra'ayina ke nan tun kafin in yi nisa: duk mai bugun ƙirji yana cewa garin nan nasa ne, ya fito ya zaga shi da ƙafa. Iyaye su fita da 'ya'yansu, makarantu su fita da ɗalibansu, gwamnati kuma ta gyara hanyar mai tafiya a ƙasa da wuraren shan iska, ta daina ɗaukarsu kayan ado. A lambar motocinmu an rubuta cewa Filato gidan zaman lafiya ce da yawon buɗe ido. To, su wa ake jira su buɗe idon? Turawa? Ai sun daɗe da tafiya.

Abin da ke bayan Taminus

Ka taso daga babban masallacin Juma'a da safe, ka ratsa Taminus, cibiyar kasuwancin garin, ka bi titin Ahmadu Bello ka haura wajen Babbar Kotu. Kafin rabin awa kana ƙofar gidan tarihi. Hayaniyar keke da masu tallan gwanjo za ta yanke, ka shiga inuwar manyan itatuwa da duwatsu.

An buɗe gidan a 1952, kuma kuza ce ta haife shi, kamar yadda ta haifi garin da muka sani yau. Masu haƙar kuza sun fara tono kawunan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok a 1928, ba wanda ya damu. A 1943 aka sake tono wani kan a yankin Jama'a da ke kudancin Kaduna, wani akawun ma'adinai ya kai shi gonar doyarsa ya kafa don ya riƙa tsorata ɓarayin gona na daji. Daga can kan ya isa hannun wani jami'in mulkin mallaka mai suna Bernard Fagg, wanda ya gane cewa hannu ɗaya ne da na Nok. Shi ya tsaya har aka gina gidan. Kayan nan sun haura shekara 2000. Ka tsaya gaban ɗaya ka dubi ƙwayar idon da aka huda, da kitson da aka tsara a kai, za ka ga kitson da har yau ake yi a gidajenmu.

Akwai rumfar tukwane, inda aka jera randuna da tuluna da kaskona daga sassan ƙasar nan. Akwai rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami da aka tattaro aka adana. Akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na ƙaramin layin dogon da ya taso daga Zariya ya iso tudun nan a 1914, aka rufe shi a 1957. Kafin layin, a ka ake ɗaukar kuza daga nan har Loko a bakin Binuwai. Kakannin wasunmu ne 'yan dakon.

Sai ka gangara filin gine-ginen gargajiya, wurin da dattijon nan yake nufi. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen ƙasar nan yana zana su, sannan a shekarun 1970 aka fara sake gina wasunsu a Jos da girmansu na asali. Akwai yankin ganuwar Kano, akwai ginin fadar Katsina, akwai gidajen Tibi, akwai masallacin Juma'a na Zariya.

A kan masallacin nan zan ɗan tsaya. Na asalin, Babban Gwani ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. A shekarun 1970 aka yi masa gyaran zamani, aka lulluɓe abin da ya rage da sabon gini. Saboda haka Bazazzagin da ke son ya ga yadda masallacin kakanninsa yake tsaye a fili, Jos zai zo. In ka shiga, sanyi ne zai fara tarbarka, sannan duhu, sai idonka ya saba ka ɗaga kai. Ginshiƙai masu kauri sun tashi daga ƙasa sun lanƙwasa sun haɗu a sama, bakan gizo a kan bakan gizo, an jera azara a tsakaninsu. Babu siminti, babu rodi. Tubali ne da ƙasa da kan magini. Na taɓa ganin wani birkila a ciki ya cire hula yana shafa bango da tafin hannu, yana cewa abokinsa: "Wallahi mu kwaba siminti kawai muka iya."

Za a ce ai yara suna zuwa wajen da Sallah. Gaskiya ne, suna zuwa. Gidan zu suke shiga, wanda ke jikin gidan tarihin, su tsokani biri, su sha askirim, su ɗauki hoto da sabon ɗinki, su koma gida. Taku kaɗan ne tsakaninsu da masallacin Babban Gwani, amma ba babban da ya biyo su balle ya nuna musu.

Kuma ba a nan abin gani ya ƙare ba. Can wajen tsohuwar unguwar Turawa akwai otal ɗin Hill Station na 1938, akwai cocin Saint Piran, wanda Turawan haƙar ma'adinai suka sa wa sunan waliyyin masu haƙar kuza na yankinsu a Ingila. Ta ɓangarenmu akwai lungunan Gangare da tsofaffin zaurukansu, akwai Dilimi inda ba ƙarfen motar da za ka nema ka rasa, akwai kasuwar Katako, akwai dukawan Naraguta. A garin nan aka kafa Izala a 1978. A garin nan aka fara nuna talabijin mai launi a Najeriya. Mai keke ba zai tsaya ya nuna maka ko ɗaya ba, shi fasinja na gaba yake hange.

"Kana so a kashe mana yara?"

Wannan ce magana mafi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. Wata yayata da na yi wa zancen cewa ta yi: "Kai dai ba ka da hankali. Mu da muka kwana a bariki?"

Tana da hujja. Ranar 7 ga Satumba 2001 garin nan ya kama da wuta. Aka sake a Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukuma, aka sake a Janairu 2010. A jajibirin Kirsimetin shekarar bama-bamai suka tashi a Unguwar Rukuba da Gada Biyu. A Mayu 2014 suka tashi a Taminus. A Agusta 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba. Kowane ɓangare yana da gawarwakin da yake ƙirgawa, kuma da yawa daga waɗanda suka mutu laifinsu kawai shi ne rikici ya rutsa da su a unguwar da ba tasu ba. Mutane suka sayar da gidaje, suka yi musaya, kowa ya koma cikin nasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Don haka ban ce kowa ya ɗauki ƙafa ya faɗa kowane lungu ba. Akwai unguwannin da ni ma ba zan tura yaro shi kaɗai ba, akwai ranakun da zama a gida ya fi: ranar zaɓe, ranar da aka kwana da jita-jita, ranar da aka kai hari a ƙauye ana jiran gawa. Ɗan Jos yana jin ƙanshin irin wannan rana tun daga yadda masu shago ke buɗe ƙofa rabi.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ranakun nan nawa ne a shekara? Kuma gidan tarihi unguwar wa ne? Sakatariya, Babbar Kotu, gidan waya, filin wasa na Rwang Pam, tsakiyar gari duka, ba na kowa ba ne, na kowa ne. Mun bar tsoron unguwa biyu ko uku ya cinye mana gari sukutum.

Abin da ya fi ba ni mamaki, in dai kuɗi ne muna tsallakawa. Je ka Farin Gada da asuba ka gani. Matan Berom da Irigwe sun sauke kabeji da karas da koren wake, dillali Bahaushe yana ciniki, direba Ibo yana jiran lodi zuwa kudu, ana ta barkwanci ana kiran juna "kwastoma". Makanike a Dilimi ba ya tambayar mai mota cocin da yake zuwa. Majinyaci yana hawa har Lamingo neman likita. Ƙafar da ta san hanyar kasuwa da asibiti, me ya sa take mantuwa idan aka ce a je a ga gari?

Sannan akwai lissafin da ba mu cika yi ba. Yaron da aka haifa a shekarar rikicin 2001 yanzu magidanci ne ko ya kusa. Mu da muka girme shi muna da abokan makaranta a Jenta da Tudun Wada da Kabong, mun ci tuwon Kirsimeti a gidajensu, sun ci naman layya a namu. Ko an yi faɗa, muna da fuskar da muke tunawa. Shi ba shi da ko ɗaya. Abin da ya sani game da wancan ɓangaren, a waya ya gani ko a majalisa ya ji, haka shi ma takwaransa na can. Irin waɗannan samarin ne suka fi sauƙin zugawa, domin wanda ba ka taɓa gaisawa da shi ba, ƙona shagonsa ba ya yi maka nauyi. Ban ce yawo da ƙafa zai warware rigimar ɗan ƙasa da baƙo ba, wannan ta 'yan siyasa ce da tsarin mulki. Amma sojojin da aka girke mana tun 2010 shinge suke iya tsarewa, ba za su iya gabatar da yaron Rikkos ga yaron Unguwar Rukuba ba.

"Yawon banza ne, kuma sai a ce ka talauce"

Wannan kam dariya take ba ni. A wurinmu, babban mutum ba ya tafiya a ƙasa. In aka ga Alhaji yana takawa daga Bauchi Road zuwa Taminus, kafin la'asar labari ya zaga cewa kasuwa ta karye masa. Wani ma tsayawa zai yi da mota: "Alhaji lafiya? Shigo in rage maka hanya." In ka ce motsa jiki kake yi, ya dube ka da tausayi.

Alhajin nan kuwa shi ne likita ya gaya wa cewa hawan jini da sukari sun kama shi, ya riƙa tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako ga baligi, wato rabin awa sau biyar. Sai ya sayi injin gudu ya ajiye a falo, bayan wata biyu Hajiya ta mai da shi wurin shanya.

Talaka kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 yake takawa ko yana so ko ba ya so. Tafiyar dai ana yin ta. Abin da ya rage shi ne a ɗaga kai a dubi abin da ake wucewa.

Ga kuma ni'imar da muke wasa da ita. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. A watan Afrilu, lokacin da mutumin Sakkwato ko Maiduguri ba ya iya taka ƙasa da tsakar rana, mu nan da rigar sanyi muke fita sallar asuba. Mutane suna biyan kuɗin mota daga Kano su zo su sha iskar da muke rufe gilashi muna gudu.

Masu cewa yawon banza ne, su tuna yadda aka yi muka zo nan. Da ƙafa kakanninmu suka hau tudun nan, daga Kano da Bauci da Zazzau da Barno, wasu don neman kuɗin haraji, wasu fatauci. A lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, Turawa suka shiga kwaso mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, abin da aka kira diban gwamna, daga 1942 zuwa 1944. Sanyi da cuta suka kashe da yawa. Tuddan jar ƙasar da kake gani a hanyar Bukuru da Rayfield, da tafkunan da ke gindinsu, hannun mutane da injin kamfani ne suka tara su. Kai yaro ya tsaya a kan ɗaya ka ba shi labarin, ka ga ko zai manta.

Sai dai a nan dole in ja kunne. Tafkunan kuza ba wurin wanka ba ne. Ruwan yana kwance shiru, kore shar, amma ramin haƙa ne, gefensa a tsaye yake, ƙasansa laka. Sun ci yara da yawa. A tsaya daga nesa.

"Gumaka ne a ciki"

Na ji wannan daga bakin wani malamin Islamiyya, mutumin kirki. Na ce masa: "Malam, wa ya ce a yi musu sujada?" Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Mutanen da suka narka ƙarfe suka gasa yumɓu a ƙasar nan tun kafin haihuwar Annabi Isa, yau ko sunan da suke kiran kansu ba a sani ba, sai sunan ƙauyen da aka tono kayansu. In wannan ba wa'azi ba ne, ban san wa'azi ba.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya wuce ɗakin. Rubutun malamai yana nan, masallaci yana nan, tukwane da jirgi suna nan. Ba a ƙin gida duka don ɗaki ɗaya.

"Wuraren ai duk sun lalace"

Nan kam na yarda da rabi. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, damunar Jos kuwa ba ta da wasa, kuma kowa ya san wasu sassan gine-ginen nan sun sha ruwa sun zube. Gandun namun dajin da Gwamna Joseph Gomwalk ya kafa a 1972 a hanyar Miyango, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8, ba shi ne na da ba. A Disamba 2015 zaki ya fice daga kejinsa aka harbe shi, labarin ya zaga duniya. Ni dai ko can ba na jin daɗin kallon dabba a keji. Abin da ke kai ni gandun shi ne dajin kansa: dogayen itatuwa, duwatsu, hanyar ƙafa, da tudun da in ka hau za ka hango gari a shimfiɗe. A tsakiyar birni samun irin wannan fili ba ƙaramin abu ba ne.

To amma me ya sa suka lalace? Kasafin kuɗi, e. Sakaci, e. Sai kuma mu. Wurin da ba mai zuwa, ba mai yi masa kuka. Ɗan majalisa bai taɓa rasa ƙuri'a don ganuwa ta zube ba. Kuma fili a Jos yanzu zinariya ne. Duk filin gwamnatin da jama'a suka daina takawa, wata rana za a wayi gari an kafa masa harsashi ta gefe, a ce ai daji ne. In ana ganin ɗalibai da iyalai a wurin duk Asabar, mai son yanka fuloti zai yi tunani sau biyu.

Rabin da ke wuyan gwamnati kuwa yana da yawa, kuma ba manyan ayyuka ba ne. Na farko hanyar ƙafa. Gwada tafiya da yaro a hannu daga Zololo zuwa Taminus. Inda aka yi dakalin masu tafiya, ko mai kaya ya baza, ko mota ta hau ta yi fakin. Inda ba a yi ba, kwata ce a buɗe a hagunka, keke a damanka yana yi maka ham. Tsoho da mai ciki da makaho kuwa sai addu'a. Ba na ɗora wa 'yan tireda laifin duka. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone tun Fabrairu 2002, mutane dubbai suka rasa rumfa, titi suka samu. Kora kaɗai ba ta isa ba, yau a kore su gobe su dawo. A ba su wurin zama, sannan a ƙwato wa mai ƙafa hanyarsa.

Na biyu, abin da zai sa mace ta yarda ta je. Matar aure da yara huɗu ba za ta yini a wurin da babu banɗaki mai tsabta, babu ruwa, babu inda za ta yi sallah, babu benci a inuwa ba. Kuma da yawa daga wuraren da ake kira lambun shaƙatawa a garin nan mashaya ce da kifi gasasshe da kiɗa. Mai so ya je, ba ruwana. Amma a bar wasu ga iyali, na Musulmi da na Kirista, domin matar fasto ma ba za ta kai 'ya'yanta can ba.

Na uku, alluna. Baƙo zai wuce tsohuwar tashar jirgi ko wani gini mai shekara ɗari bai san ya wuce komai ba. Allo ɗaya mai layi biyar, da Turanci da Hausa da harshen mutanen wurin, ya isa. Na san za a yi rigima a kan abin da za a rubuta, Jos ce. To a zauna a yi rigimar a kan tebur, da malaman tarihi na jami'a da dattawan kowane ɓangare, a rubuta iya abin da aka yarda da shi: shekara, wanda ya gina, abin da aka yi a wurin.

Makarantu

Duk ƙarshen zango sai makarantun kuɗi su aiko da takarda: a kawo dubu kaza, za a kai yara Yankari ko Abuja. Rabin aji ba sa zuwa don iyayensu ba su da shi. Wanda ya je kuma awa shida a mota, awa ɗaya a wurin, ya dawo da amai.

Makarantar da ke Gangare ko Ali Kazaure ko Sarkin Arab ba ta buƙatar mota. Malamai uku, yara a layi biyu, ruwa a gora, kuɗin shiga kaɗan. A haɗa da wata makarantar mishan, su zo nan a zaga da su Gangare da Dilimi, wani tsoho ya ba su labarin zamanin kuza da bakinsa tun ana samun masu bayarwa, mako na gaba su kai namu nasu ɓangaren. Manyan ɗalibai a kai su duwatsun Shere, inda ƙololuwar ta kai mita 1,829, amma da ɗan jagora daga mutanen wurin da izinin masu unguwa, don ba wurin da ake hawa da ka ba ne.

Ga mai son farawa da iyalinsa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, babu ruwan sama, sai dai a sa wa yara rigar sanyi da man leɓe. A fita da hantsi a dawo kafin la'asar. A guji tsakar ranar Juma'a da safiyar Lahadi, saboda ana tare hanyoyi a kusa da masallatai da coci-coci, za a yi ta zagaye ana amsa tambayoyi. Asabar ta fi, in ba ta ƙarshen wata ba ce da ake tsaftar gari.